Ferrari F40 ko Porsche 959: wacce ta fi cancantar kuɗin mai saye?

Mutumin da ya kai matsayin ware dala miliyan biyu ko uku domin sayen mota guda ta shekarun 1980, da wuya ya kauce wa tsayawa tsakanin Ferrari F40 ta Italiya da Porsche 959 ta Jamus. A shekarar 1987 aka fara miƙa wa masu saye 959, a cikin wannan shekarar kuma aka ƙaddamar da F40, kowacce ta riƙe kambun motar titi mafi gudu a zamaninta, kuma dukansu biyu suna da tushe a rukunin tseren motoci da ake kira Group B. Abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne cewa 959 ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba, ta fi F40 fasahar ƙira, ta fi ta saurin tashi daga tsaye, amma duk da haka F40 ce ta fi tsada a gwanjo. Fahimtar dalilin wannan shi ne rabin shawarar da mai saye zai yanke.

Porsche ta fara aikin 959 ne a farkon shekarun 1980, lokacin da babban injiniyanta, Helmuth Bott, ya shawo kan shugaban kamfanin, Peter Schutz, cewa motar 911 mai inji a baya tana da sauran rayuwa idan aka ba ta damar ja da tayoyi huɗu. An nuna samfurinta a baje kolin motoci na Frankfurt a 1983, aka nuna cikakkiyar motar a 1985. Dokar Group B ta tanadi cewa sai kamfani ya ƙera aƙalla motoci 200 na titi kafin a bar shi ya shiga tsere da irinsu, to amma kafin Porsche ta kammala shiri, an soke rukunin a ƙarshen 1986 bayan munanan haɗurra, ciki har da wanda ya kashe direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa a tsibirin Corsica. Motar ta riga ta sami wani filin da ta nuna kanta. A gasar Paris zuwa Dakar ta Janairun 1986, wadda ta ratsa Aljeriya ta shiga Nijar ta Agadas da hamadar Tenere har zuwa Yamai kafin ta nufi yamma, René Metge ya zo na ɗaya da 959, Jacky Ickx ya zo na biyu da irinta, ta uku kuma, wadda aka tura domin ta tallafa wa 'yan uwanta, ta zo ta shida. A wannan shekarar dai, wata 'yar uwarta da aka gyara domin tseren kwalta, mai suna 961, ta ƙare ta bakwai a gasar awa 24 ta Le Mans.

Ita kuwa F40 an haife ta ne cikin gaggawa. Ferrari tana da motar gwaji mai suna 288 GTO Evoluzione da aka shirya domin Group B, wadda soke rukunin ya bar ta babu aikin yi. Injiniya Nicola Materazzi ya ɗauki abin da aka koya daga gare ta, gidan zane na Pininfarina ya yi mata jiki, kuma cikin shekara guda da 'yan kai aka gabatar da ita a Maranello, garin da kamfanin Ferrari yake, a watan Yulin 1987, domin bikin cika shekara 40 da fitowar motar Ferrari ta farko. Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, yana da shekara 89 a lokacin, ya rasu a watan Agustan 1988, wanda ya sa F40 ta zama mota ta ƙarshe da ya amince da ita da kansa. Wannan batu zai sake tasowa idan an zo maganar kuɗi.

A kan takarda, alƙaluman motocin biyu sun yi kusa da juna. Injin F40 mai silinda takwas ne, girmansa lita 2.9, da turbo biyu (na'urorin da ke tura ƙarin iska cikin inji domin ƙara masa ƙarfi) masu aiki tare, yana ba da ƙarfin doki 478. Na 959 mai silinda shida ne a kwance, lita 2.85, shi ma da turbo biyu, yana ba da doki 450, kuma danginsa ɗaya da injinan motocin tseren Porsche na 956 da 962: iska ce ke sanyaya silindojin, ruwa kuma ke sanyaya kawunansu. Ferrari ta ce motarta tana kaiwa kilomita 324 a awa, Porsche ta ce tata 317. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100, 959 tana buƙatar daƙiƙa 3.7, F40 kuma 4.1. Inda suka rabu ƙwarai shi ne nauyi, domin Ferrari ta bayyana kilo 1,100 ba tare da mai da ruwa ba, Porsche kuwa 1,450. Alƙaluman nauyi na kamfanoni a wancan zamani kan yi wa gaskiya ragi, kuma motocin biyu sun fi haka nauyi idan aka ɗora su a sikeli da tanki cike, amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan, ta ɗaruruwan kilo. Wannan ya sa 959 ke yin gaba a mitocin farko, saboda tayoyinta huɗu duk suna cizon ƙasa, sannan F40 ta kamo ta ta wuce da zarar gudu ya yi nisa.

Alƙaluma ba sa nuna yadda kowacce take a hannun direba, kuma a nan ne bambancin ya fi faɗi. An ƙera 959 domin ta sauƙaƙa wa mai tuƙi aiki. Turbo ɗinta ba sa tashi tare: na farko yana aiki tun injin yana ƙasa, na biyu yana shigowa bayan juyi 4,000 da ɗoriya a minti, domin a rage jiran da aka san motocin turbo da shi. Wata kwamfuta tana raba ƙarfin injin tsakanin gaba da baya ta hanyar kulochi mai faifai da yawa, tana tura kashi 80 cikin 100 zuwa baya idan an take totur sosai, ta raba daidai wa daida idan ƙasa na da santsi, kuma direba na iya zaɓar tsarin busasshiyar hanya, ko jiƙaƙƙiya, ko ƙanƙara, ko na fita daga wuri mai wuyar takawa. Ana iya ɗaga motar daga milimita 120 zuwa 150 ko 180, sannan ta sauke kanta idan gudu ya ƙaru. Tana da burki mai na'urar ABS da ke hana tayoyi cijewa, da sitiyari mai taimakon haidurolik, da giya shida, da na'urar da ke faɗakar da direba idan iskar taya ta ragu, abin da kusan babu motar titi da ke da shi a lokacin. Cikinta kuwa na 911 ne: kujerun fata, iyakwandishan, rediyo, da ƙananan kujeru biyu a baya. Mutum zai iya tashi da ita daga Stuttgart cikin ruwan sama ya isa kudancin Faransa ba tare da ya galabaita ba.

F40 ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan in ban da iyakwandishan, wanda aka sa mata dole saboda zafin da ke taruwa a ciki. Babu ABS, babu abin da ke taimaka wa ƙafa wajen taka burki, babu abin da ke taimaka wa hannu wajen murza sitiyari, babu rediyo, babu darduma a ƙasa, kuma da igiya ake buɗe ƙofa daga ciki. Motocin farko ma tagoginsu na roba ne masu zamewa. Ƙashinta bututun ƙarfe ne, an lulluɓe shi da zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar da zaren kabon da alminiyam, fentin kuma bai da kauri, har ana iya hango saƙar zaren a ƙarƙashinsa. Giyarta biyar ce, ƙarfin injin duka yana tafiya ga tayoyin baya masu faɗin milimita 335. Idan injin yana ƙasa da juyi 3,500 ko makamancin haka, motar ba ta nuna wani abin mamaki, amma da turbo biyun sun cika sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, kuma idan hakan ya faru a tsakiyar kwana ko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, babu wata kwamfuta da za ta gyara kuskuren direba. Sitiyarinta, duk da nauyinsa a wurin ajiye mota, yana isar da duk abin da tayoyin gaba ke ji zuwa tafin hannu da zarar an fara tafiya, kuma wannan na cikin abin da waɗanda suka tuƙa ta suka fi yabawa.

Idan tambayar ita ce wacce za ta kai direba mai matsakaicin gwaninta daga wani gari zuwa wani cikin sauri da aminci a kowane yanayi, amsar 959 ce, babu jayayya. A filin tsere busasshe, a hannun ƙwararre, F40 ce a gaba. Sai dai a ganina wannan tambaya ta rasa rabin nauyinta a yau, domin babu wanda ke sayen ɗayansu saboda neman mota mafi gudu. Porsche 911 Turbo S ta 2020 tana da doki 650, tana kaiwa kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.7, kuma kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kowace daga cikinsu ba. Abin da ake saye yanzu shi ne irin jin da mota ke bayarwa, kuma a nan fasahar 959 ta zame mata cikas. Duk abin da ta zo da shi ya zama ruwan dare: 911 Carrera 4 ta gaji ja da tayoyi huɗu a ƙarshen shekarun 1980, 911 Turbo ta 1995 ta haɗa shi da turbo biyu, kuma yau ƙananan motoci ma suna da na'urar auna iskar taya. Wanda ya saba da Porsche ta zamani ya shiga 959 zai ji abin da ya sani, sai dai a tsohuwar siga. Abin da F40 ke bayarwa kuwa ba a iya sake ƙera shi, domin dokokin kariya da na hayaƙi na yau ba za su bar babban kamfani ya fitar da mota irinta ba.

Sai batun kasuwa. Porsche ta ƙera 959 guda 292 na sayarwa tsakanin 1986 da 1988, jimilla 337 idan aka haɗa da na gwaji, sannan ta harhaɗa wasu takwas daga ragowar kayan gyara a 1992 da 1993. Ta sayar da kowacce a kan mak 420,000 na Jamus, kuɗin da bai kai abin da ta kashe wajen ƙera ta ba. Ferrari ta yi niyyar ƙera F40 kimanin 400, amma da ta ga yawan masu nema sai ta ci gaba har 1992, adadin ya haura 1,300. Ke nan a kan kowace 959 akwai F40 fiye da huɗu. Duk da haka, a 'yan shekarun nan 959 ta gama-gari, wadda ake kira Komfort, ta fi yawan sayuwa tsakanin dala miliyan 1.5 da miliyan 2 da ɗoriya, alhali F40 mai kyau ta saba haura miliyan 2, kuma a gwanjon Monterey da ke California na 2022 an sayar da wasu a kusa da miliyan 4.

Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne suka shafi injin ba. Na farko shi ne sunan Enzo Ferrari da matsayin motar a tarihin kamfaninsa. Akwai kuma jerin manyan motocin Ferrari da masu tarawa ke ɗauka a matsayin saiti guda, wato 288 GTO, F40, F50, Enzo da LaFerrari, wanda duk mai son cika shi dole ya nemi F40, kuma wannan buƙata ba ta yankewa. Sannan ga siffa. Yaro ma zai gane F40 daga nesa saboda fiffiken bayanta da jan launinta, domin a ja aka fitar da su daga masana'anta, ita kuwa 959, a idon wanda bai san motoci ba, 911 ce da aka faɗaɗa. Yaran da suka manna hoton F40 a bangon ɗakinsu a 1988 su ne attajiran da ke ɗaga hannu a gwanjo yanzu.

Amurka ma ta taka rawa. Ferrari ta gyara F40 ta dace da dokokin ƙasar, ta aika 213 can, saboda haka motar ta sami masoya da makanikai da dillalai a kasuwa mafi girma tun farkon shekarun 1990. Porsche ba ta ba hukumomin Amurka motocin da za su yi gwajin karo da su ba, don haka 959 ta kasance haramtacciya a titunan ƙasar. Motar Bill Gates ta shafe shekara 13 a hannun kwastam, sai da aka kafa dokar Show or Display a 1999, wadda ta ba da damar shigo da irin waɗannan motoci bisa sharaɗin kada a yi tafiyar da ta wuce mil 2,500 da su a shekara. Yanzu da motocin suka haura shekara 25 wannan shinge ya kau, amma shekarun da 959 ta yi ba a ganinta a can sun bar gurbi a farashinta.

Bai kamata a ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin alkawari ba. Bayan rasuwar Enzo Ferrari farashin motocin kamfanin ya yi tashin gwauron zabi, har F40 da aka sa wa kimanin dala 400,000 a Amurka ta riƙa sauya hannu a kan ninki biyu ko fiye, kuma a 1990 an sayar da wadda direban tsere Nigel Mansell ya mallaka a kan fam miliyan ɗaya. Kasuwar ta rushe a farkon shekarun 1990, waɗanda suka saya a ƙololuwa kuma suka jira shekaru masu yawa kafin kuɗinsu ya dawo. Mota ba ta biyan riba a ƙarshen shekara, tana cin kuɗin inshora da ajiya da gyara ko da ba a tayar da ita ba, kuma gidajen gwanjo suna cire kasonsu daga cinikin.

Yawan F40 ya haifar da matakai a cikinta, wanda mai saye ya kamata ya sani kafin ya taya. Masu tarawa sun fi son motocin Turai na farko, waɗanda ba su da na'urar tace hayaƙi a salansa kuma ba su da tsarin ɗaga mota da sauke ta, musamman masu tagar roba. Na Amurka sun fi nauyi, amma tankunansu na alminiyam ne, alhali na Turai tankin roba suke da shi irin na motocin tsere, wanda ake so a sauya duk bayan shekara goma, aiki mai tsada da ba a wasa da shi saboda haɗarin gobara. Motar da ke da fentinta na asali, wanda saƙar zaren ke bayyana a ƙarƙashinsa, ta fi wadda aka sake fesawa daraja, wadda aka sauya wa launi kuwa takan yi ƙasa. Da yake mota ce mai wuyar sha'ani, da dama sun taɓa yin haɗari, saboda haka binciken ƙashin motar a hannun ƙwararre wajibi ne, haka nan daidaita adadin kilomitan da agogonta ke nunawa da takardun gyaran da aka yi mata shekara bayan shekara. Takardar shaidar Ferrari Classiche, wadda ke tabbatar da cewa inji da giya da sauran manyan sassa na asali ne, tana ƙara wa mai saye natsuwa kuma tana ƙara wa motar kuɗi. Sayen F40 ta hoto kawai cinikin biri a sama ne.

Da duk wannan, kula da F40 ya fi sauƙi, domin abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne: bel ɗin da ke tafiyar da bawul, kulochi, turbo, bututun mai, sai tanki. Ita 959 tana ɗauke da na'urorin lantarki da na haidurolik na shekarun 1980 waɗanda aka ƙera domin motoci ɗari uku kacal. Idan tsarin raba ƙarfi ko na ɗaga mota ya sami matsala, makanikan da suka san kansa a duniya ba su da yawa, kayan gyaran kuma sai an jira ko an sa an ƙera. Ƙafafunta na maganiziyam ne masu rami a ciki, kuma an yi su ne domin wata taya ta musamman ta Bridgestone. Irin wannan mota ajiya ba tare da tuƙi ba tana cutar da ita fiye da tafiya, domin robobin da ke tare mai suna bushewa. Saboda haka 959 mai ƙarancin kilomita da ta daɗe a gareji na iya zama mafi tsadar mallaka fiye da wadda ake fita da ita a kai a kai, kuma mai saye ya fi kyau ya nemi rasiɗin babban gyara na kwanan nan fiye da ƙaramin adadi a agogo.

Akwai wani ɓangare na 959 da wannan lissafi bai shafa ba. Nau'in Sport, wanda aka ƙera 29 kawai, an cire masa iyakwandishan da kujerun baya da tsarin ɗaga mota, aka sa masa kejin ƙarfe, ya ragu da kimanin kilo 100, kuma wadda aka ƙara wa ƙarfi zuwa doki 515 ta kai kilomita 339 a awa a filin gwaji na Nardò da ke Italiya. Farashin irin waɗannan ya zarce na Komfort da nisa. Ɗaya daga cikin motocin da suka yi gasar Dakar ta 1985 kuma an sayar da ita a kan dala miliyan 5.9 a gwanjon RM Sotheby's na 2018. Sai dai fitowar irinsu kasuwa ba kasafai ba ne, don haka ba zaɓi ne da mutum zai tsara a kansa ba.

Ga wanda zai sayi ɗaya kawai kuma yana son ya haɗa daɗin tuƙi da tsaron dukiyarsa, F40 nake ganin ta fi dacewa. Masu nemanta sun fi yawa a kowace nahiya, ana sayar da ita sau da yawa a shekara ta yadda farashinta sananne ne, kuma ranar da ya so rabuwa da ita ba zai daɗe yana jiran mai saye ba. Sharaɗin shi ne ya yarda cewa mota ce ta fita ta awa ɗaya ko biyu a busasshiyar hanya, kuma ya nemi horo a filin tsere kafin ya take totur ɗinta har ƙasa. Wanda kuwa yake son motar da zai yi doguwar tafiya da ita tare da iyalinsa a gefe, wanda tarihin injiniyanci ya fi burge shi fiye da kallon jama'a, kuma yana zaune kusa da ɗaya daga cikin 'yan garejin da suka ƙware a kanta a Jamus ko Ingila ko California, 959 za ta ba shi mota mafi ƙaranci a kan kuɗi mafi sauƙi. Ya dai ware wani kaso na rarar da ya samu tun ranar ciniki, domin babban gyaran farko zai iya cinye shi.